Sandar Bakwai Tana da Mai Ita

Jawabin da Malam Dawuda Adda Rimaye ya gabatar a taron addu'a da tunawa da marigayi Alhaji Ma'aruf Sodangi, a ƙofar gidansa da ke Kankiya.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ba mu aron rai, Yake kuma karɓar abinsa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Wakilan masu girma hakiman Kankiya da Kusada, Allah Ya ja zamaninku. Limamai da malamai, musamman Malam Abdulganiyyu, limamin wannan unguwa, Allah Ya gafarta muku. Dagatai da masu unguwanni da suka taso daga Rimaye da Ƙofa da Kaikai. Ardo Jaji da jama'arsa. Tsofaffin abokan aikin marigayi. Mai ɗakinsa Hajiya Luba, wadda take jin mu daga cikin gida. 'Ya'yansa, Zulkifli da Safiyya da Ulfa. 'Yan'uwa da maƙwabta, assalamu alaikum.

Ba don na fi kowa kusa da marigayi aka ce in yi magana ba. An zaɓe ni ne don an san malamin dabbobi ne ni, na saba tsayawa a kan abin da ya riga ya faru ba tare da murya ta rawa ba. Zan yi ƙoƙari in cika wannan zato.

Kuna ganin jakar fata a jingine da kujerar can, cike da sandunan ƙarfe. Wasu sun tambaye ni a hanya me ya kawo kayan wasa wurin addu'a. Tambaya ce mai kyau. Sandunan golf ne na marigayi, jiya muka dawo da su daga gidaje daban-daban, kuma abin da za a yi da su daga yau yana hannun mutum ɗaya da ke zaune a cikinmu. Kafin in kai ga haka, bari in faɗi wane ne muka rasa.

Ya kasance ma'aikacin gwamnati a sashen saye-saye na ma'aikatar ayyuka, da farko a Kaduna, daga baya a Katsina bayan an ba mu jiha. 'Yan kwangila ba su son ranar da takardarsu za ta faɗa teburinsa. In aka kawo masa injin ban-ruwa aka ce na kamfani kaza ne, mai suna a duniya, sai ya cire tabarau ya ce, "To, na ji. Sunan ne za shi ɗebo ruwan?" Sai an tada injin a gabansa ya ga abin da yake yi. Wasu rijiyoyin da ake sha a yankin nan har yau, famfunansu ba su da sunan da kowa ya sani, amma suna aiki. Ya yi ritaya bai gina bene ba. Wannan gidan da muke ƙofarsa shi ne na mahaifinsa, ɗaki biyu kawai ya ƙara.

Ya kasance mai tsumulmula, kuma ba zan sakaya ba don ya rasu, domin shi ma bai taɓa musun haka ba. Mutum ne da zai zagaye kasuwar Kankiya kaf a kan igiyar guga. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, abin da ya hana kansa, a wurin wasu yake ƙarewa.

A Kaduna ya haɗu da golf. Likita ne ya ce masa ya riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini, wani abokin aikinsa ya ja shi fili. Wasan ya shiga ransa tun ranar farko. Da ya je kanti ya tambayi kuɗin sabuwar jaka cikakkiya, aka faɗa masa, sai ya yi salati ya fito. Daga ranar ya koma gwanjo. Duk tafiyar aiki da ta bi da shi Kano ko Legas, sai ya leƙa inda ake zube kayan da aka sha amfani da su a Turai, ya tsinto sanda ɗaya. Shekaru ya yi yana haɗa su. A cikin jakar can babu sanduna biyu da suka fito daga kamfani ɗaya.

Mu da muka taɓa raka shi saye mun san yadda ake shan wahala. Zai kwantar da sanda a kan siminti ya mirgina ta, don ya ga ko ta tanƙware. Zai sa farce a zanen da ke fuskarta ya ji ko ya goge. Zai girgiza ta kusa da kunne, ko kan ya saki. Wadda sunan da ke jikinta ya fi ƙyalli, ita ya fi zargi, domin ya ce masu jabu a kan sunan suke ƙare basirarsu. In mariƙin ya mutu bai damu ba, har ma murna yake yi, don da shi zai karya farashi. Sai ya kawo wa baduku a Ƙofa ya naɗe masa da fata. Jakar ma badukun ne ya ɗinka. Ƙwallaye kuwa waɗanda aka tsamo daga kududdufai yake saye a buhu, ya wanke da toka. 'Yan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, da askarsa yake feƙe su daga reshen aduwa. Takalmi, kambas ɗin da yake zuwa gona da shi.

Ya kasance mutum ne da bai damu da a yi masa dariya ba. Da ya dawo gida bayan ritaya, ya samu wata makiyaya kusa da Kaikai, a hanyar Kusada, ya fara zuwa shi kaɗai da la'asar. An yi magana a gari. Wasu suka ce zaman ofis ya taɓa shi. Ardo Jaji, wanda shanunsa ke kiwo a wurin, ya yi kwanaki yana kallon wani dattijo yana bugun abu, yana bin sa, yana dube-dube a ciyawa. Rannan ya kasa haƙuri ya ce, "Alhaji, mi ya ɓace maka a hilin nan? Ka hwaɗi mu taya ka nema."

Alhaji ya miƙa masa sanda ya ce ya gwada. Ardo, wanda tun yana yaro sanda ke hannunsa, ya ɗaga ya kai duka, ya tono ƙasa, ƙwallo tana nan inda take. Ya sake, haka. Abin ya ba shi haushi har washegari ya dawo. Ga shi nan zaune, in na ƙara ko na rage ya gyara mini.

Haka muka taru da ɗaɗɗaya: malamin makaranta, mai walda, tela, direba, ni, har da liman. Daga kaka zuwa saukar ruwan farko, kowace Asabar bayan la'asar. Ramukan da ake jefa ƙwallo gwangwanayen tumatir ne, tutocin kuma kara ne da ƙyalle. Kewayen rami yana bukatar ƙasa mai santsi. Alhaji ya ce a wasu filaye yashi ake cakuɗawa da baƙin mai, kuma baƙin mai kyauta ne a gareji. Ni na ce ba za a zuba shi inda shanu ke lasar ƙasa ba. Muka yi kwana biyu ba ma ga maciji. Hajiya Luba ce ta raba mu. Ta aiko a gaya mana, mata sun daɗe suna daɓe ɗaki da makuba ba su nemi shawarar gareji ba. Aka yi daɓe, aka barbaɗa yashi a kai. Har yau da shi muke amfani, kuma Alhaji yakan faɗa wa baƙi cewa dabararsa ce.

Yanzu na zo kan jakar.

Da muka yi yawa, jaka ɗaya ce tsakaninmu, kuma babu mai halin sayen tasa. Alhaji ya fara ba da aronta gaba ɗaya ga mai son ya je ya gwada hannu a cikin mako. Ba a daɗe ba aka fara samun matsala. Wanda jaka ke wurinsa sai ya je ya yi wasansa ranar Laraba shi kaɗai, ya gaji, Asabar ta zo ya aiko da uzuri. Fili ya fara mutuwa. Ardo Jaji ne ya ce masa, "Alhaji, mu ba mu ba mutum garke. Saniya guda muke ba shi kiwo. Ya sha nono, in ta haihu ya samu rabo, uwar kuwa ta mai ita ce."

Asabar ta gaba Alhaji ya zazzage jakar a ƙasa ya raba. Kowa sanda ɗaya, ya tafi da ita gida. Ya ce, "Kiwo na ba ku, ba kyauta ba." Ardo ya samu wadda ake gangara ƙwallo cikin rami da ita. Auwalu mai walda ya samu mai ƙaton kai, ta bugun farko. Ni aka ba ni ta fitar da ƙwallo daga yashi, ya ce ta dace da ni tunda kullum a yashi nake. Daga ranar babu wanda ya isa ya yi wasa shi kaɗai. In ka ƙi zuwa, ba kanka kaɗai ka cuta ba, mutum goma ne za su tsaya a fili suna ambaton sunanka, kuma ba da alheri ba. Na ga ranar da aka tura babur har Rimaye aka ɗauko ni daga wurin ɗaurin aure. Wani baƙo da ya san wasan ya taɓa ce masa doka ba ta yarda 'yan wasa su yi tarayya a sanda ba. Alhaji ya ce, "Gaskiya ne. Ranar da muka tahi Kaduna ma bi dokar Kaduna."

Ya kuma sa sharaɗi irin na kiwo. Duk wanda hannunsa ya faɗa, in Allah Ya hore masa, ya nemo sanda ɗaya a gwanjo ya ba wani sabo. In an yi haka sai a ce sandar wane ta haihu. Sun haihu da dama. Akwai matasa a Kusada da ke riƙe da jikokin sandunan nan.

To, ga inda muke. Bayan rasuwa muka je wurin Malam Abdulganiyyu muka tambayi hukunci. Malam bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kiwo ba kyauta ba ne, marigayi da bakinsa ya faɗa a gaban shaidu, saboda haka iyayen sandunan na magada ne, 'ya'yan kuma na waɗanda suka saya. Ya shiga gida ya ɗauko tasa, mai lamba tara, ya zama na farko da ya mayar. Muka bi sahu. Sai dai 'ya'yan ba za su riƙe fili ba, domin kowa abin da ya tarar a kasuwa ya saya. Muna da masu lamba biyar har sun yi mana yawa, ba mu da ta bugun farko, ba mu da ta rami. In iyayen suka tafi, wasan ya tashi, haɗuwar Asabar ma ta tashi.

Hajiya da Safiyya da Ulfa sun ce sun bar maganar a hannun Zulkifli, babban ɗa. Zulkifli kuma ya gaya mini yana so ya tafi da su Abuja ya ajiye a falonsa, ya riƙa ganin abin da mahaifinsa ya taɓa. Wannan haƙƙinsa ne. Babu mai ja, babu kuma wanda zai ga laifinsa. Jiya na nemi izininsa in ba da wani labari a bainar jama'a, ya ce in bayar. Rabin labarin ya sani. Sauran rabin yanzu zai ji tare da ku.

Wasu shekaru da suka wuce, Zulkifli ya samu ƙarin girma a wurin aiki. Ya yi abin da ɗa nagari yake yi. Ya sayi sabuwar jaka cikakkiya, ta kamfanin da duk mai golf a duniya ya san sunansa, ya taho da ita a kwali har fili, ranar Asabar, muna tsaye. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya ce, "Baba, ga wannan. A huta da gwanjo haka nan."

Kun san al'adarmu a kan ɗan fari, kun kuma san Alhaji ya riƙe ta fiye da yawancinmu. Bai taɓa kiran Zulkifli da sunansa ba. Ba ya yi masa magana kai tsaye in da mutane. "Mutumin Abuja" yake ce masa. Ranar ya dubi kwalin, bai taɓa shi ba, ya juyo wajenmu ya ce, "Ku hwaɗa ma mutumin Abuja an gode. Amma wanga kayan mutum guda ne. Wanda ya cika jaka shi kaɗai ba ya bukatar kowa." Zulkifli ya miƙe, ya kai kwalin gida ya ajiye, ya kama hanya. Ya ci gaba da zuwa gaisuwa kowace Sallah, bai rage wa iyayensa komai ba, amma ƙafarsa ba ta sake taka filin ba. Mun ce wa Alhaji maganar ta yi kaushi. Ni dai har yau ina ganin ta yi kaushi.

Zulkifli, ga abin da ba ka gani ba.

Sandunan ƙarfe lamba gare su. Ƙananan lambobi na bugun nesa ne, manya na kusa. Bakwai tana tsakiya, ita ce mafi sauƙin hali, da ita ake fara koya wa mutum. Ranar da mahaifinka ya zazzage jaka ya raba, bakwai ce kaɗai ya mayar ciki. Muka tambaya, ya ce, "Tana da mai ita." Muka ce wa? Ya yi kamar bai ji ba. Duk lokacin da ƙwallo ta faɗi inda bakwai ake bukata, sai ya ce, "Ku yi haƙuri da shida, mai bakwai yana hanya." Mun daɗe muna zaton wani abokinsa ne na Kaduna. Ardo ne ya fara ganewa. Ya ce mana, mutumin da yake kiran kowa da sunansa har da na kakansa, ya kira liman da sunan yarinta, mutum nawa ne a duniya ba zai iya furta sunansu ba?

Ranar da ka zo da kwalin, ya riga ya ji labarin kana tafe. A makon ya kai bakwai Ƙofa aka yi mata sabon naɗi. Ya zo da ita fili a hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ina tsaye a gefensa lokacin da ka buɗe bayan mota. Na ga ya dubi kwalinka, ya dubi abin da ke hannunsa, sai ya zura ta cikin babbar riga. Haka ya ƙarasa yinin, hannu ɗaya a maƙale, ya ce kafaɗa ke damunsa. Kai ka kawo masa jaka guda sabuwa, shi kuma tsohuwar sanda ɗaya ya tanadar maka. Ban san abin da ya ji ba, bai faɗa mini ba. Abin da na gani na faɗa.

Kwalinka kuma bai sayar ba. Ka san mahaifinka, ko tsohuwar taya ba ta kwana a gidan nan in da mai saye. An taya, ya ƙi. Yana ɗakinsa. Duk baƙon da ya yarda da shi sai ya shigar da shi ya buɗe masa, ya zaro ɗaya ya goge da hannun riga, ya ce, "Kaya ne, wallahi kaya ne. Mutumin Abuja ya sawo." Na ce masa ya gwada ko sau ɗaya mana. Ya ce, "Dawuda, in na buga da su sau guda, ba ni ƙara jin daɗin namu." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa suna ba komai ba ne, ga shi da suna ɗaya da ya fi ƙarfin bakinsa.

Ya kasance mai rowar magana a inda ya kamata ya yi kyauta da ita. Wannan aibi ne, muna roƙa masa gafara a kai. Ya kasance kuma mutumin da ya tara liman da makiyayi da mai walda a fili ɗaya da kayan da wasu suka zubar, ya sa kowannenmu ya zama ana jiransa a wani wuri. A shekarunmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri. Ke kika fi kowa sanin nauyin zama da mutumin da ke tambayar kuɗin gishiri, kin kuma yi shi da mutunci. Safiyya da Ulfa, ku ya iya kira da suna, ku ya iya yi wa dariya, ku riƙe wannan, ku kuma tuna yayanku bai samu ba.

Zulkifli, jakar ga ta nan, cikakkiya, karo na farko tun ranar da aka raba ta. Mun mayar da amana, ba mu bin ka komai. In ka sa ta a mota gobe, za mu raka ka da addu'a, kuma da zuciya ɗaya. In ka ga dama ka sake ba da su kiwo, masu riƙo suna nan, ka san fuskokinsu. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Kafin ka yanke, ka duba cikinsu, akwai mai sabuwar fata wadda gumin hannu bai taɓa ba. Hajiya ce ta ɗauko ta jiya daga bayan ƙofarsa. Wannan ba mu dawo da ita ba, don ba a taɓa ba mu ita ba. Ranar Asabar bayan la'asar za mu je fili kamar kullum, ko da hannu sake. Mun saba jiran mai bakwai.

Muna godiya ga shugabanni da malamai da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Muna godiya ga iyalin da suka yarda aka faɗi abin da ya fi sauƙi a yi shiru a kansa. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, bawanka Ma'aruf ɗan Sodangi ya zo gare Ka, ba shi da abin da ya fi rahamarka. Ka gafarta masa abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ruwan da mutane ke sha ta dalilinsa ya zama sanyi a gare shi. Ka shirya zuriyarsa, Ka haɗa kansu. In tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Kuma bayan Ka ba Zulkifli rai mai tsawo da albarka, Ka sada shi da babban ɗansa a gidan da babu kunya tsakanin uba da ɗa, ya kira shi da sunansa.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.